Ranar da Auta Ta Goge Fasinjojin Kawu

Wayar ta sake yin ruri, Auta ta yi maza ta danne ta da tafin hannu kada mutanen ɗakin jira su ji. Ba sai ta duba ba, ta san Kawu ne. Ta ɗauka, ta kare baki da gefen mayafi.

"Auta, abin nan naki ya sake rikicewa. Ya nuna motar rana ta cika, ga ta nan kuwa ina kallon ta, rabin kujerun babu kowa."

"Kawu, ai na gaya maka ina wajen likitan haƙori."

"Da haƙori ake danna kwamfuta? Ki duba min, mutane sun tsaya min a ka."

Ya kashe. Haka Kawu yake, sallama ma ɓata lokaci ce a wajensa. Ƙanin mahaifiyarta ne, mai motocin tafiya mai nisa, shi ya ɗauki nauyin karatunta tun bayan rasuwar babansu, ita kuma da ta gama ta rubuta masa manhajar sayar da tikiti. Tun daga ranar ba ta sake mallakar kanta ba. Duk tashar babu wanda ya san cikin manhajar sai ita, don haka ko wanka ta shiga sai ta ɗora waya a kan taga. Ta taɓa yin gyara tana kwance ana ƙara mata ruwa, hannu ɗaya da allura, ɗaya a kan laftof. Ba ƙin Kawu take yi ba, Allah ya sani. So take ta yi aiki a inda in ta kwanta ciwo akwai wani da zai ɗauki waya. Abin da ya kawo ta saman benen babban bankin nan ke nan, neman aikin rubuta manhaja, ba tare da ko mahaifiyarta ta sani ba.

Ɗakin jiran sanyi ƙalau kamar cikin firji, amma tafin hannunta sharkaf yake da zufa. Samari ne jere a kujeru, kowa cikin kwat, kowa ya ɗaure fuska kamar an aiko masa da mutuwa. Na kusa da ita sai motsa leɓe yake yana bitar abin da zai faɗa, kuma duk kalmar da ta tsinta daga bakinsa sai ta ji kamar ba ta taɓa jin ta ba. Tsoro take ji sosai. Gani take da ta buɗe baki za a gane 'yar tashar mota ce ta yi ɓatan kai ta shigo banki.

Ta buɗe laftof a cinya, ta jona shi da datar wayarta, ta buɗe baƙar tagar da ake rubuta umarni, ta shiga saba, wato na'urar da ke can nesa tana riƙe da duk bayanan motocin Kawu. Tana da wata ɗabi'a da tsoro ya koya mata: ba ta taɓa komai a sabar sai ta fara ɗaukar kwafin ajiya. Ta sa kwafin ya fara, ta bar shi yana tafiya, ta leƙa shafin tikiti. Ashe ba wani abu ba ne, mai yankan tikiti ne ya kulle rabin kujeru wa wasu 'yan ƙungiya da suka fasa tafiya, ya manta bai buɗe ba. Ta buɗe, ta yi tsaki a ciki.

"Malama, ke ce a gaba."

Wata mata ce doguwa tsaye a bakin ƙofa, fayil a ƙirji, ta ofishin ɗaukar ma'aikata. Auta ta miƙe zumbur, laftof a buɗe a hannu, jaka na zamewa daga kafaɗa, ta bi ta.

Ɗakin intabiyun dogon tebur ne mai sheƙi, da ƙaton allo a bango. Mutum ɗaya ta tarar, dattijo mai furfura da tabarau a ƙarshen hanci, wanda matar ta ce shi ne shugaban sashen manhaja. Bai yi murmushi ba, bai kuma haɗe rai ba, wannan ya fi komai tayar mata da hankali. Ya yi mata tambayoyi kan karatu da aiki. Ta amsa, muryarta na rawa, har sau biyu yana cewa ta ɗaga murya.

"Ku nawa ne a sashenku?"

"Ni kaɗai ce, Yallaɓai."

Ya dube ta ta saman tabarau, ya ce to. Sannan ya turo mata kebur ɗin allon bango ya ce ta nuna masa aikin da aka ba su su yi a gida.

Nan ne Auta ta ɗan ji numfashinta ya dawo. Ƙaramar manhaja ce ta buɗe asusu da tura kuɗi, ta gwaji, kuma ta yi bitar nuna ta har yatsunta sun haddace. Ta nuna yadda ake buɗe asusu, ta nuna yadda manhajar ke ƙin tura abin da ya fi abin da ke ciki. Dattijon ya gyaɗa kai sau ɗaya, ta ji kamar an ba ta kyautar gida. Tana cikin bayani wayar ta yi shiru a gefen laftof, har ta fara tunanin wataƙila yau ranarta ce.

"Ya yi," in ji shi. "Amma waɗannan asusun ke kika shirya su. Goge komai, mu fara daga farko, ni zan ba ki lambobi."

Abu mai sauƙi. Tana da wani ɗan gajeren umarni da ta rubuta wa kanta tun tana ɗaliba, mai share duk bayanan gwaji, kuma duk aikin da ta fara sai ta tafi da shi. Ta koma baƙar taga. Yatsanta ya share fuskar tagar kamar yadda ya saba kafin ta rubuta komai, ta rubuta umarnin, na'ura ta tambaya ko ta tabbata, yatsan ya ce e tun kafin idonta ya karanta tambayar.

A gida abin ƙiftawar ido ne. Yau sai ya tsaya yana tunani.

Sannan layuka suka fara gangarowa a ƙaton allon bango, manya-manya yadda ko daga ƙofa za a karanta. An goge fasinjoji. An goge kujeru. An goge direbobi. An goge motoci.

"Wannan banki ne ko tashar mota?" in ji dattijon.

Auta ba ta ji shi ba. Baƙaƙen tagogi biyu ne a buɗe, ta gwaji da ta sabar Kawu, kamarsu ɗaya sak, kuma ba ta fita daga ta Kawu ba lokacin da aka kira ta. Umarnin yana can a sabar tun ranar da ta kafa ta, kullum tana cewa za ta cire shi, kullum waya na katse ta. Duk wanda ya sayi tikiti na yau da na gobe da na mako mai zuwa, ta share shi da yatsa ɗaya, a gaban mutumin da ta zo roƙo ya ba ta amanar kuɗin jama'a.

"Innalillahi," ta ce, a hankali ƙwarai.

Wayar ta fara ruri a kan tebur. Teburin kuwa irin mai amsa sauti ne, sai ka ce injin niƙa aka kunna. Ta katse, wayar ta sake ruri. Matar fayil ta dubi wayar, ta dubi agogo.

"Malama, ana kashe waya kafin a shigo. Kuma lokacinki na tafiya, akwai mutane a waje."

Wata zuciyar ta ce mata ta rufe tagar, ta ce kuskuren gwaji ne, ta ƙarasa abin da ya kawo ta, in ta fita ta gyara. Wa zai sani? To amma ta san tashar a irin wannan lokaci: layi har bakin titi, mata da goyo, tsofaffi da kaya, masu yankan tikiti suna kallon allo fari fat. Kuma duk tikitin da za a sayar a kan wannan fankon wata sabuwar rigima ce.

"Yallaɓai, ba gwajin na goge ba. Na wajen aikina ne, na gaske. Ina roƙon ka bar ni in gyara yanzu."

"Kina da kwafin ajiya?"

"Na sa a ɗauka kafin in shigo. Ban ga ƙarshensa ba."

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar. "Lokacinki ne. Yadda kika ga dama ki yi da shi. Amma ba za a ƙara miki ba."

Ta kai hannu za ta zare kebur ɗin allon, ya ce ta bar shi.

Kafin komai sai an daina sayar da tikiti, kuma a tashar nan babu mai tsayar da ciniki sai Kawu. Tana buƙatar hannuwanta biyu, ga wayar ita ke ba laftof data, ba halin fita da ita. Da ta sake ruri sai Auta ta ɗauka, ta sa a lasifika. Hayaniyar tasha ta cika ɗakin bankin, hon da ihun 'yan kamasho da kukan wani jariri.

"Auta! Kin kashe ni! Babu mota, babu direba, babu komai! Ni kaina ina jin an goge ni!"

"Kawu, saurara. Ka ce kowa ya ɗauke hannu daga kwamfuta. Kada a yanki tikiti ko ɗaya sai na ce."

"In tsayar da ciniki da rana tsaka? Me ya faru ne? Ɓarayin intanet ne?"

Ga ƙofa a buɗe, da ta ce e shi ke nan. Ta ɗaga ido ta ga dattijon ya zuba mata nasa.

"Ni ce, Kawu. Kuskure na yi."

Kawu ya yi ihu wa wani can gefe cewa a dakata, a dakata duka. Sannan ya dawo, muryarsa ta sauka.

"Ke da ake cire wa haƙori, yaya aka yi kika goge min fasinja? Wai ina kike ne ma? Ban ji ƙarar asibiti ba."

Matar fayil ta daina rubutu. In Auta ta maimaita ƙaryar, ta yi ta a gaban mutanen banki, su kuwa ba a zuwa musu da ƙarya a ranar farko. In ta faɗi gaskiya, ta faɗa wa mutumin da ya sayar da motarsa ta farko ya biya mata makaranta, a waya, a tsakiyar tasha, cikin masifar da ita ta jawo masa. Ta so ƙasa ta tsage ta shige.

"Ina banki, Kawu. Neman aiki na zo."

Hayaniyar tashar ta ci gaba, amma shi ya yi shiru. Kawu da ko a barci sai ya yi faɗa da direbobi.

"Gyara min tukuna," ya ce, ya kashe.

Da farko ta rubuta sunan jakar ajiyar ba daidai ba, ta goge, ta sake. Kwafin yana nan. Amma kasancewarsa a nan ba ya nufin ya cika, in data ta yanke a tsakiya rabinsa ne kawai, rabin kwafi kuwa da shi da babu duk ɗaya. Ta duba girmansa, ta gwada da na jiya, sun yi kusa. Ta buɗe ƙarshensa tana neman layin da ke cewa an kammala. Ta rufe ido kafin ta duba, kamar mai karɓar sakamakon gwajin jini. Layin yana nan.

Ba ta zuba shi kai tsaye ba. Ta fara zuba shi a wani wuri na gefe, ta duba motar rana, ta ga kujerun da ta buɗe ɗazu suna kulle, alamar kwafin na kafin gyaran ne, ta duba motocin gobe, ta ga fasinjoji. Sai a sannan ta mayar da shi inda ya dace. Layin da ke nuna ci gaban aikin ya riƙa rarrafe a allon bango, mutum uku suna kallon sa babu mai tari. A tsakiya ya tsaya cak. Auta ta dafe ƙirji. Ya motsa.

Da ya kai ƙarshe ta sake buɗe kujerun motar rana, ta goge umarnin nan daga sabar gaba ɗaya, ta fita daga tagar, ta rufe ta. Ta tura wa Kawu saƙo cewa a ci gaba, amma duk wanda ya sayi tikiti tun bayan kiransa na farko sai an sake shigar da shi da hannu, in ba haka ba za a samu mutum biyu a kujera ɗaya. Ya karanta. Bai amsa ba.

"Lokaci ya cika," in ji matar fayil.

Ko lamba ɗaya dattijon bai samu ya ba ta ba. Auta ta fara naɗe kebur, idonta cike da ƙwalla, tana addu'a kada ta zubo sai ta fita.

"A nan," in ji shi, "ba za ki iya yin abin da kika yi ba ko kin so. Kafin a taɓa bayanan gaske sai mutum biyu sun sa hannu, ɗaya na yi, ɗaya na kallo."

"Shi ya sa na zo, Yallaɓai."

Ya daɗe yana kallon ta. Ba ta iya karanta komai a fuskarsa ba. Ya juya wajen matar ya yi mata magana ƙasa-ƙasa, ita kuma ta buɗe fayil ta cire murfin biro.

"Ba ma ci gaba da kowa sai mun ji daga bakin wanda yake yi wa aiki yanzu. Wannan da kika yi waya da shi, shi ne mai kamfanin?"

"Shi ne, ranki ya daɗe."

"Ba ni lambarsa. Yau zan kira."

Auta ta so ta ce a bari sai gobe, ko jibi, ko sai ya huce, in zai huce. Matar na jira, biro a sama. Ta karanto lambar da ka, lambar da ta sani fiye da tata.

A cikin lif ta jingina da bango har aka iso ƙasa. Da ta fito titi zafin rana ya dake ta, ta tsaya a inuwar wani shagon sayar da takalma ta kira Kawu, ko ta samu ta riga matar. Me za ta ce masa ma, ba ta sani ba. Layin ya nuna yana magana da wani. Ta jira, ta sake kira. Har yanzu yana magana. Kawu ba ya daɗewa a waya da kowa, don haka ta san ko da wa yake magana, ta kuma san komai yana hannunsa yanzu. Kalma ɗaya ta ishe shi ya riƙe ta a tasha har tsufanta, kuma ba sai ya yi ƙarya ba, abin da ya faru yau kawai zai faɗa. Mai shagon ya leƙo ya tambaye ta ko lafiya, ta ce lafiya.

Da wayar ta yi ruri sai da ta kusa suɓuce mata.

"Wata mata ta kira ni daga banki," in ji Kawu. Babu ihu a muryarsa, kuma ya shige wani wuri da ba a jin hayaniyar tasha. "Wai in gaya mata wace irin ma'aikaciya ce ke."

"Kawu, don Allah ka yi haƙuri, da na..."

"Uwarki ta sani?"

"A'a."

"To ni ma ban sani ba. Ashe har na zama dodo, sai an yi min ƙaryar haƙori."

Hawayen da ta riƙe tun daga sama suka zubo, ta juya wa titi baya.

"Me ka ce mata, Kawu?"

Ya yi gyaran murya, ya sake yi.

"Na ce mata in ba su ɗauke ki ba, ba su da hankali. In kuma suka ɗauke ki, ban yafe musu ba." Ya ja numfashi. "Ki zo tasha. Ga mutum biyu nan suna neman dambe a kan kujerar gaba, kowa da tikitinsa."

Wannan karon bai kashe ba. Ta tsaya da wayar a kunne tana jin numfashinsa, shi ma yana jin nata, har ta ɗaga hannu ta tsayar da tasi.